Fushin Ɓatan Kwabo: Kiɗan Samartakar Beethoven da Kamanninsa da Kiɗan Fadar Gobir

"Fushin Ɓatan Kwabo" laƙabi ne da ake yi wa wani gajeren kiɗan fiyano wanda Ludwig van Beethoven, mashahurin mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Jamus, ya rubuta a tsakanin shekarar 1795 da 1798, tun bai cika shekara 28 da haihuwa ba. Kiɗa ne na mutum ɗaya, ba a rera waƙa a kansa. Yana da gudu da zafi da raha, kuma gwanin fiyano kan kammala shi a cikin kimanin minti 6. A jerin ayyukan Beethoven shi ne mai lamba 129, sunan da aka buga shi da shi kuwa shi ne Rondo a capriccio, da harshen Italiyanci.

Beethoven bai kammala wannan kiɗa ba, bai kuma fitar da shi ba har ya bar duniya. Laƙabin da ya sa kiɗan ya yi suna ma wani ne ya rubuta shi a kan takardar. An shafe sama da shekara 100 ana ɗaukarsa aikin tsufa, sai a 1945, da takardar asali ta bayyana a Amurka, aka tabbatar da cewa aikin samartaka ne. Ga mai sauraro Bahaushe kuwa, musamman wanda ya tashi da jin kiɗan fada irin na Ibrahim Narambaɗa na Isa, tsarin kiɗan ba baƙo ba ne, domin a kan gindi da ɗiya aka gina shi.

Asalin laƙabin

Da Jamusanci laƙabin shi ne Die Wut über den verlorenen Groschen, wato fushin da mutum ya yi saboda ɓatan groschen. Groschen ƙaramin kuɗi ne na tsaba da aka daɗe ana kashewa a ƙasashen Jamusawa. A Ostiriya ta zamanin Beethoven sai an tara guda 20 suke zama gulden ɗaya. A ƙarni na 20 sunan ya sake dawowa a kuɗin ƙasar, inda groschen 100 ke zama shilin ɗaya har zuwa shigowar kuɗin Yuro a 2002, kamar yadda kwabo 100 ke zama naira ɗaya a Najeriya tun 1973. Dattawan kasuwa da suka ga zamanin anini da ɗari da taro da sisi sun san irin kuɗin da ake nufi: wanda faɗuwarsa ba ta karya jari, amma tana iya sa mai shi ya birkice shago gaba ɗaya yana nema. Rahar laƙabin tana cikin girman fushin idan aka auna shi da ƙanƙantar asarar.

Abin da Beethoven ya rubuta da hannunsa a saman takardar daban ne: Alla ingharese quasi un capriccio. Kalmar capriccio na nufin kiɗan da ke bin son ran mai shi, ya juya inda ya ga dama. Ita kuwa ingharese babu ita a daidaitaccen Italiyanci. Masana na ganin ya cakuɗa kalmomi biyu ne, ɗaya mai nufin salon mutanen Hangari, ɗaya mai nufin salon Romawa, wato al'ummar nan masu yawo da suka shahara da kiɗan goge a tsakiyar Turai. A Biyana, babban birnin Ostiriya, mutane ba su cika bambance salon biyu ba a lokacin, kuma salon yana tashe. A shekarar 1795 malamin Beethoven, Joseph Haydn, ya rufe wani kiɗansa na makaɗa uku da irin wannan rawa ta Hangari, ta kuma samu karɓuwa ƙwarai a Landan.

Saurayin da ya gaji kiɗan fada

An yi wa Beethoven baftisma a ranar 17 ga Disamba, 1770, a birnin Bonn da ke bakin kogin Rhine, birnin da masu sauraron rediyo a ƙasar Hausa suka sani domin daga can sashen Hausa na DW ke watsa shirye-shiryensa. Kiɗa gadonsa ne. Kakansa, wanda aka raɗa masa sunansa, shi ne shugaban makaɗan fadar yariman da ke mulkin yankin Kolon daga Bonn, muƙamin da ya yi daidai da na Sarkin Kiɗa a fadojinmu. Mahaifinsa Johann mawaƙi ne a wannan fada. A watan Maris na 1778 uban ya fito da shi gaban jama'a a Kolon, ya kuma rage masa shekaru a cikin sanarwar domin a ƙara jinjina wa baiwarsa. Malaminsa Christian Gottlob Neefe ya tsaya masa aka buga aikinsa na farko kafin ya cika shekara 13, a 1784 kuma aka ɗauke shi aiki a fada a matsayin mataimakin makaɗin ogan, da albashinsa.

Nauyi ya hau kansa da wuri. Mahaifiyarsa ta rasu a 1787, mahaifin kuma shaye-shaye ya fi ƙarfinsa. A 1789 Ludwig ya kai kuka ga hukumar fada, aka amince a riƙa ba shi rabin albashin uban domin ya ciyar da ƙannensa biyu. A watan Nuwamba na 1792 ubangidansa, Yarima Maximilian Franz, ya tura shi Biyana ya yi karatu a wurin Haydn. Bai daɗe ba tallafin ya yanke. A 1794 sojojin Faransa suka mamaye Bonn, fadar ta watse, saurayin ya wayi gari ba shi da wurin komawa.

Daga nan sai ya dogara da yatsunsa. Yarima Karl Lichnowsky ya ba shi masauki a gidansa, daga 1800 kuma ya yanka masa gulden 600 a kowace shekara. A wannan zamani mutanen Biyana sun fi sanin Beethoven a matsayin gwanin fiyano mai ƙirƙirar kiɗa nan take a zaurukan masu sarauta. Ya fara kiɗa a dandalin jama'a na birnin a ranar 29 ga Maris, 1795, a gidan wasa na Burgtheater. A shekarar ya fitar da aikin da ya ba lamba ta 1, a 1796 kuma ya buga sonata uku da ya sadaukar ga Haydn, ya yi rangadin Prag da Dresden da Leipzig da Berlin, inda Sarki Friedrich Wilhelm na Biyu ya yi masa kyautar batta ta zinariya cike da kuɗin zinariya. Masu sarauta kan haɗa gwanaye su kara a gabansu, kamar yadda aka haɗa shi da Joseph Wölfl a 1799 da Daniel Steibelt a 1800. "Fushin Ɓatan Kwabo" ya fito daga hannun mutumin da abincinsa ya rataya a kan ya burge zaure cikin 'yan mintoci. A lokacin da ya fara shi kunnuwansa lafiya lau suke. Wajen 1798 ne jinsa ya soma raguwa, kamar yadda ya shaida wa abokinsa likita Franz Wegeler a wasiƙar da ya aika masa a 1801.

Domin a gane zamanin da ma'aunin tarihinmu: a waɗannan shekaru Alƙalawa, wadda kufanta ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni a yau, ita ce babban birnin Gobir, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma yana zaune a Ɗegel yana karantarwa. A 1808, shekarar da aka ci Alƙalawa da yaƙi, a watan Disamba aka fara kaɗa Simfoni ta Biyar ta Beethoven a Biyana.

Fiyanon da aka rubuta wa kiɗan

Abin da aka fi sani da fiyano a situdiyon mawaƙa na Kano da Kaduna na'ura ce mai aiki da lantarki, wadda ke kwaikwayon sautin kayan kiɗa iri-iri. Fiyano na asali babu lantarki a cikinsa. Akwati ne na katako mai ɗauke da tsarkiyoyin ƙarfe a ɗame. Idan makaɗi ya danna maɓalli, sai wata 'yar guduma ta tashi ta doki tsarkiya ta koma, idan ya ɗage yatsa kuma wani ƙyalle ya sauka ya kashe amon. Ƙarfin dannawa shi ke sa sauti ya yi ƙara ko ya yi sanyi, daga nan ma sunan ya samo asali, domin piano da forte a Italiyanci na nufin a hankali da kuma da ƙarfi. Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera na farko a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700, kuma guda uku daga cikin waɗanda ya ƙera, na 1720 da 1722 da 1726, suna nan a gidajen tarihi.

Fiyanon zamani yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, da tsarkiyoyi kimanin 230 da aka ɗaure a jikin ƙashin ƙarfe. Na Biyana a shekarun 1790, irin wanda Anton Walter da Nannette Streicher ke ƙerawa, maɓallansa 61 ne, ƙashinsa katako, gudumominsa ƙanana ne an lulluɓe su da fata. Dannawarsa ba ta da nauyi, sautinsa siriri ne mai saurin mutuwa. Wannan ya sa gudun yatsu da maimaita bugu, waɗanda su ne jigon "Fushin Ɓatan Kwabo", ke fita tsaf a kansa. A kan babban fiyano na yau sai makaɗi ya yi taka-tsantsan, in ba haka ba bugun hannun hagu ya danne na dama, kiɗan ya zama hayaniya.

Gindi da ɗiya

Kalmar rondo suna ne na tsari. Ana fara kiɗa da wani ɗan gajeren kari mai saurin shiga kunne, a bar shi a tafi wani sabo, a dawo masa, a sake tafiya wani wuri, a sake dawowa. Masu nazarin waƙar baka ta Hausa suna kiran abin da ake komawa gare shi gindin waƙa, abin da ke shiga tsakani kuma ɗiya. A waƙar fada jagora ne ke kawo ɗa, 'yan amshi su karɓa su mayar da shi gindi. A rondo na fiyano mutum ɗaya ke yin aikin duka: hannun dama ya fi riƙe karin, hannun hagu yana yi masa rakiya kamar masu ganga, wani lokaci kuma su yi musanya.

Gindin wannan kiɗa ɗan tsalle-tsalle ne da ke hawa sama da sauri sannan ya gangaro, hannun hagu na buga dunƙulen sautuka ba ƙaƙƙautawa a ƙarƙashinsa. Kowace gaɓa bugu biyu ce, kamar takun mai sauri, umarnin da ke kan takardar kuma shi ne Allegro vivace, wato da hanzari da kuzari. Gaɓoɓin kiɗan sun haura 400.

A kiɗan Turawa kowane aiki yana da gidan sautinsa, wato sautin da ake tashi daga gare shi, a yi yawo, a dawo a huta a kansa. Da haruffa ake kiran waɗannan gidaje, kowanne kuma yana da fuska biyu, mai fara'a da mai duhu. Gidan wannan kiɗa shi ne G mai fara'a. Ɗa na farko mai tsawo yana shiga G mai duhu, inda yatsu ke gudu kamar an tsokano zuma. Bayan an koma gindi sai wani ɗan ya yi tsalle zuwa gidan E, wanda ke da ɗan nisa, abin da ke sa kunne ya ji kamar an buɗe taga ba zato.

Inda Beethoven ya saɓa wa al'ada shi ne yadda yake dawo da gindin. A rondo na yau da kullum gindin kan dawo kusan yadda ya tafi. A nan kuwa kowace dawowa da sabuwar kama: wani lokaci an yi masa ado da ƙananan sautuka, wani lokaci ya koma hannun hagu, wani lokaci a gutsuro kansa kawai a yi ta jefa shi daga wannan gida zuwa wancan. Akwai wuraren da gudun ke lafawa kamar mai nema ya tsaya yana tunani, sai kuma ya sake ɓarkewa. Dab da ƙarshe sautin yana raguwa har ya kusa ɓacewa, sannan a rufe da bugu mai ƙarfi. Wannan wasa da guntun kari shi ne daga baya ya zama tambarin manyan ayyukan Beethoven. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Gwanjo da ɗan kasuwa

Beethoven ya rasu a Biyana a ranar 26 ga Maris, 1827, yana da shekara 56. A watan Nuwamba na shekarar aka yi gwanjon takardunsa, masu buga littattafan kiɗa suka yi rububin saye. Takardar wannan rondo ta faɗa hannun Anton Diabelli, mai maɗaba'a kuma mai tsara kiɗa, wanda ya rayu daga 1781 zuwa 1858. Sun san juna da mamacin: a kan wani ɗan karin rawa na Diabelli ne Beethoven ya gina sauye-sauye 33 da aka buga a 1823.

A 1828 Diabelli ya fitar da kiɗan kasuwa. Ya sanar da masu saye cewa an same shi a kammale cikin kayan da mamacin ya bari, ya kuma ambaci laƙabin ɓatan kwabo a matsayin abin da ke rubuce a kan takardar. Maganar farko ba gaskiya ba ce. Akwai wurare da dama da Beethoven ya rubuta abin da hannun dama zai buga ya bar layin hannun hagu babu komai, domin shi da zai kaɗa ya san abin da zai sa. A maɗaba'ar aka cike waɗannan gurabu, aka yi wasu gyare-gyare, ba a gaya wa kowa ba. Magana ta biyu gaskiya ce rabi da rabi: laƙabin yana kan takardar, amma rubutun ba na Beethoven ba ne. Masana da yawa sun jingina shi ga Anton Schindler, wanda ya yi masa aikin sakatare a ƙarshen rayuwarsa. Schindler ya wallafa tarihin ubangidansa a 1840, a shekarun 1970 kuma bincike ya gano cewa ya cusa maganganun ƙarya masu yawa a cikin littattafan da baƙi ke rubuta wa Beethoven zance bayan ya kurumce.

Ba wannan kaɗai ba ne aikin Beethoven da wasu suka raɗa wa suna. Sonatar da ake kira "Hasken Wata" ta samu sunanta daga kwatancen wani marubuci, Ludwig Rellstab. Wadda ake kira Appassionata kuwa wani mai maɗaba'a ne a Hamburg ya sa mata sunan a 1838. Mai sayar da littafi ya san cewa suna mai labari ya fi lamba saurin jawo mai saye.

Kuskuren shekara 117

Lambar 129 da aka maƙala wa kiɗan ta ƙara rikita lissafi. Simfoni ta Tara, wadda aka fara kaɗawa a ranar 7 ga Mayu, 1824, ita ce lamba 125, lambobi 127 da 130 da 131 kuma na ayyukan ƙarshen rayuwarsa ne. Duk wanda ya ga 129 a tsakaninsu zai ɗauka tare aka haife su.

Robert Schumann, wanda shi ma babban mai tsara kiɗa ne, ya yi sharhi a kansa a 1835 a mujallar kiɗa da ya kafa a Leipzig. Ya ce kiɗan ya ba shi dariya matuƙa, ya kwatanta fushin da na mutumin da takalmi ya ƙi fita daga ƙafarsa, yana zufa yana buga ƙafa, takalmin kuwa ko a jikinsa. Hans von Bülow, ɗaya daga cikin manyan gwanayen fiyano na ƙarni na 19, ya kafa hujja da yadda kiɗan ke yawo tsakanin gidajen sauti ya ce aikin shekarun ƙarshe ne. Labarin da ya zauna a zukatan mutane shi ne na tsoho kurma mai saurin fushi, yana birkita ɗaki saboda kwabo. Labarin ya dace da halin da aka san Beethoven da shi na rigima da masu aikin gida a kan kuɗin cefane, shi ya sa ba a yi masa tambaya ba.

A 1945 takardar asali ta bayyana a hannun wata mai tara kayan tarihi a birnin Providence na Amurka. Erich Hertzmann, masanin tarihin kiɗa a Jami'ar Columbia da ke New York, ya nazarce ta, ya wallafa sakamakon a mujallar The Musical Quarterly a 1946. Gani ya kori ji. Salon rubutun hannun na samartakar Beethoven ne, a shafin ƙarshe kuma akwai zayyanar wasu ayyuka da aka san yana kansu a tsakiyar shekarun 1790. Gurabun da aka cike sun fito fili, haka ma bambancin hannun da ya rubuta laƙabin. A 1949 Hertzmann ya fitar da sabon bugu bisa takardar asali. Daga 1828 zuwa 1945 shekara 117 ke nan.

Darajar wannan takarda tana ƙara fitowa idan aka dubi wani sanannen ɗan kiɗan na Beethoven, Für Elise, wanda wayoyin hannu da motocin talla suka yaɗa a duniya. Ludwig Nohl ya buga shi a 1867 daga wata takarda da daga baya ta ɓace, har yau kuma masana na jayayya a kan ko wace ce matar da aka rubuta sunanta a kai.

Isa da Sabon Birni

A gabashin jihar Sakkwato, kusa da iyakar Nijar, garuruwan Isa da Sabon Birni kowanne yana da basarake mai sarautar Sarkin Gobir, kuma yankin ya daɗe da zama matattarar kiɗan fada. Wanda ya fi kowa ɗaukaka sunan Isa a wannan fanni shi ne Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Kayan kiɗansa kotso ne, 'yar ganga mai siririn ƙugu da fata a baki ɗaya, wadda ake ratayawa a kaɗa da hannu. Da kotso Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru su ma suka yi suna, yayin da Salihu Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo suka riƙe taushi.

Matsayin Narambaɗa a wurin Hausawa ya yi kama da na Beethoven a wurin Turawa: shi ne ma'aunin da ake gwada na baya da shi, ana kuma karanta shi a jami'a. Dukansu biyu a inuwar ubangida mai sarauta suka yi aiki, daga kyautarsa suke ci. "Bakandamiya" ake ɗauka ƙololuwar waƙoƙin Narambaɗa. A "Dokin Iska Ɗanhilinge" kuwa ya wasa doki kamar yadda ake wasa basarake, abin da ke nuna cewa babban makaɗi na iya zuba dukkan gwanintarsa a kan abin da wani zai raina.

Bambancin yana wurin ajiya. Kiɗan Beethoven a takarda yake, shi ya sa aikin da ya yi watsi da shi yana saurayi ya jira shekara 30 a cikin tarkacensa, ya tsallake gwanjo, ya ƙetare teku, ya kuma ƙaryata masana. Waƙar fada ta Hausa a ƙirjin jagora da 'yan amshinsa take zaune. Ana shirya ta da baki, ana ƙara ɗiya ko a rage gwargwadon wurin da aka je da mutanen da aka tarar, ta yadda waƙa ɗaya kan zo da fuska fiye da ɗaya. Manazarta sun bayyana cewa da waƙoƙin noma Narambaɗa ya fara kafin ya shiga fada, amma na'urar ɗaukar murya ta riske shi ne bayan ya manyanta. Muryar da gidajen rediyo irin su Rediyon Najeriya Kaduna da Rima Rediyo ke sakawa ta cikakken makaɗin fada ce. Haka nan sunayen da ake kiran waƙoƙin baka da su sau da yawa masu sauraro ne da ma'aikatan rediyo ke ciro su daga gindin waƙar ko daga sunan wanda aka yi wa ita, kamar dai yadda wani hannu ya raɗa wa rondon Beethoven suna.

An yi aiki mai yawa wajen mayar da wannan gado rubuce. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato kuma ya rubuta littafi sukutum a kan Narambaɗa. Sai dai abin da ya rage a bakin dattawa da cikin tsofaffin kaset-kaset yana cikin haɗari. A 'yan shekarun nan hare-haren 'yan bindiga sun raba dubban mutanen Isa da Sabon Birni da ƙauyukansu, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar. Mai gudun tsira da rai ba ya ɗaukar akwatin kaset, tsohon ɗan amshin da ya rasu a gudun hijira kuma yakan tafi da ɗiyan waƙar da shi kaɗai ya riƙe. Abin da ya warware rikicin "Fushin Ɓatan Kwabo" shi ne 'yan bayanan da ke gefen takarda. Makamancinsu a waƙar baka su ne ranar da aka ɗauki murya, da wurin, da sunan wanda aka yi wa waƙar, da sunayen 'yan amshi, waɗanda sau da yawa ke faɗuwa idan aka juye kaset zuwa waya.

Kiɗan a yau

"Fushin Ɓatan Kwabo" na cikin abin da gwanayen fiyano ke ƙarawa a ƙarshen wasa idan jama'a suka ƙi daina tafi. Artur Schnabel da Wilhelm Kempff da Alfred Brendel duk sun naɗe shi a faifai, kaɗawar da Evgeny Kissin ɗan ƙasar Rasha ya yi a zauren Royal Albert Hall na Landan a 1997 kuma ta yaɗu a intanet. A Najeriya ana koyar da irin wannan kiɗa a cibiyar MUSON da ke Legas da sassan nazarin kiɗa na wasu jami'o'i. Akin Euba, wanda ya rayu daga 1935 zuwa 2020, ya yi suna da ƙoƙarin sa fiyano ya yi magana irin ta gangunan Afirka.

Mai son saurare zai same shi a YouTube idan ya rubuta Beethoven Op. 129. Hanya mafi sauƙi ita ce ya riƙe karin da aka buɗe da shi a cikin daƙiƙoƙin farko, ya ɗauke shi gindi, sannan ya riƙa lura da kowace dawowarsa da irin kamar da ya dawo da ita. Yana da kyau a saurari makaɗa biyu a jere, domin wani kan bi bugun Diabelli na 1828, wani kuma ya bi wanda aka gyara bisa takardar asali, gudunsu ma yakan bambanta da minti guda ko fiye.